Rahila, Ba Za A Sayar Da Gonar Gindin Dutse Ba

Rikoto, Zuru

Zuwa ga jikata kuma amaryata, Rahila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya a gidan kawunki a Kaduna, ya tsare fitarki da shigarki, ya sa aikin fasfo da sauran takardun da suka kai ki can ya tafi ba tangarɗa. Mu nan lafiya lau muke. Kakarki Laraba tana gaishe ki.

Amarya, tun ranar da kika karanta mini saƙon nan daga waya, cewa makarantu biyu a ƙasar waje sun ɗauke ki karatun kasuwanci, bakina bai rufu ba. Ranar Lahadi na tashi a coci na taka rawa har gwiwata ta tuna mini shekaruna. Na faɗa wa mai shayi, na faɗa wa mai faci, na faɗa wa 'yan kabu-kabu na bakin tasha. Kakarki ta ce, "Baban Saratu, awaki kaɗai suka rage ba ka faɗa wa ba." Na ce mata ai su na fara faɗa wa. Ni da ban iya rubuta sunana ba sai da na haura arba'in, yau jikata ake kira daga ƙetaren teku. Ku bar ni in yi murnata.

Da na kira ki a waya, amma kin san halina da waya: ina ihu, kina dariya, kati ya ƙare ba a faɗi komai ba. Maganar nan kuwa ta zama ce, shi ya sa na ɗauki biro.

Bari in maimaita abin da na fahimta, in na yi kuskure ki gyara mini. Makaranta ta farko babba ce, a babban birni, sunanta kowa ya san shi. Ta ce za ta yafe miki rabin kuɗin karatu, sauran rabin da ɗaki da abinci namu ne. Ta biyu ƙarama ce, a wani gari mai sanyi da ko malaminki bai taɓa jin sunansa ba. Ita ta yafe kuɗin karatu duka, ta kuma ce za ta ba ki ɗan aiki a laburare. Abin da ya rage shi ne ɗaki da abinci da kuɗin jirgi, kuma sun ce idan wannan ma ya yi mana nauyi, babban gida ya rubuto musu halin da ake ciki, za su sake dubawa. Kafin ƙarshen watan nan za ki ba ɗaya amsa. Babanki Ishaya yana son babbar. Ya ce a sayar da gonata ta gindin dutse a cika kuɗin. Ya kuma ce shi ba zai rubuta wa kowa cewa ba mu da hali ba. Ke kuwa na san ki. Idonki yana kan babban sunan, bakinki kuma ba ya son saɓa wa uba.

Ba zan yi miki wa'azi ba, fasto ya fi ni iyawa. Zan ba ki labarin wautar da na yi da kaina, ke ki auna.

Ku 'yan yanzu labarin golmo kawai kuke ji. Mu mun yi shi. Saurayi zai yi shekara bakwai yana noma gonar surukansa tare da sa'o'insa kafin a ba shi mata. Ba na zagin golmo. Shi ya ba mu ƙashin bayan da ya sa duk barikin da ka shiga a ƙasar nan sai ka tarar da ɗan Zuru. Amma ya koya mana abu ɗaya da ya cuce mu: namiji ba ya cewa ya gaji, ba ya cewa ya ji ciwo, ba ya cewa ba zai iya ba. A shekarata ta biyar, muna huɗa a gonar mahaifin kakarki, garma ta zame ta sare ni a ƙafa. 'Yan mata suna bakin gona suna kallo, har da ita. Na ɗebi ƙasa na toshe wurin, na ci gaba da huɗar kunyata kamar ba abin da ya faru. Abokina ya ce, "Bawa, jini fa nake gani." Na ce masa, "Na ƙaya ne, ja garmarka." Kwana shida ina ɓoyewa. A na bakwai ƙafa ta kumbura kamar turmi, sai a kan keke aka tura ni asibiti. Daminar nan gaba ɗaya a kwance na yi ta, ba a kuma ƙirga mini ita ba. Har yau in muka yi faɗa kakarki takan ce, "Kai ka sa na ƙara shekara a gidan ubana saboda taurin kai." Ciwon da ruwan zafi da gishiri za su kashe a rana ɗaya, shi ya ci mini shekara.

To ki riƙe wannan. A can inda za ki, duk abin da ya fara ciwo, ki faɗe shi tun yana ƙarami. Darasi ya yi miki duhu, ki je wurin malamin a makon, ba sai jarrabawa ta ƙarato ba. Kuɗin abinci ya kusa yankewa, ki je ofishin da ke kula da ɗalibai baƙi tun da sauran shinkafa a tukunya. Don haka aka ajiye su, albashi ake biyansu.

Na shiga soja da wannan hali. Shekara da shekaru ina kofur, igiya biyu, ba ni da karatu, kuma ba wanda zan yarda ya sani. In an liƙa sanarwa a allo sai in tsaya gabanta in murtuke fuska, in jira wani ya karanta da ƙarfi, sannan in gyaɗa kai kamar na riga shi. Akwai ajin yamma na manya a barikin, bayan la'asar, wani Malam Umaru mutumin Argungu ke koyarwa. Kullum sai na bi ta bayan tagar ajin, a hankali, wai hanyata ce. Rannan ya leƙo ya ce, "Kofur, tagar nan ta kusa haddace baƙaƙe saboda kai. Mi ya hana ka shigowa?" Na ce, "Malam, ni na iya, sa ido kawai nake yi." Ya miƙo mini allon ya ce, "Madalla, to taya ni duba wannan." Na karɓa na riƙe shi a juye. Bai yi dariya ba, Allah ya ji ƙansa. Ya juya mini shi daidai ya ce, "Ga benci can baya, ba mai ganinka." Yaran da na koya wa fareti sun riga ni samun igiya ta uku, don sun iya cika takarda ni ban iya ba. Da na shiga ajin nan shekara goma kafin lokacin, da ba haka ba.

Abin da Malam Umaru ya fi nanata mana ba baƙaƙe ba ne. Cewa yake, "In an ba ka takarda, manyan rubutun na yaudara ne, ƙananan su ne na gaskiya." Don haka, amarya, kalmar tallafi kada ta rufe miki ido. Ni ban san ƙasarsu ba, amma na san ciniki. Ki rubuta musu ki tambaya: tallafin nan na shekara ɗaya ne ko har ki gama? Wane maki za ki riƙe don kada a janye shi? In kuɗin makaranta ya tashi baɗi, shi ma zai tashi ko zai tsaya inda yake? Lokacin hutu, in an rufe ɗakunan kwana, ina baƙo yake kwana? Inshorar lafiya tana ciki ko daban take? Aikin laburaren nan awa nawa bizarki ta yarda ki yi? Duk amsar da suka ba ki, ki ce su rubuto ta. Ki kuma nemi ɗan ƙasarmu ko ɗaya da ke karatu a can, ki tambaye shi abin da ba a rubuta ba. Matambayi ba ya ɓata. Wanda kuma ya tare ki a Kaduna ya ce kawo kuɗi shi ya san hanya, ki gaishe shi da ladabi ki wuce. Da wayar gwaggonki kika nemo makarantun nan da kanki, ba dillali, kada ki fara yanzu.

Maganar suna kuwa, na taɓa sayen suna, kuma kakarki ba ta bari in manta. Da na yi ritaya aka ba ni kuɗin sallama, na tafi kasuwa sayen sa na huɗa. Akwai wani ƙato, fari, mai tozo kamar tudu, mutane sun kewaye shi. Gefe guda ga wani ɗan guntu, baƙi, ba mai kallonsa. Bafulatanin da ke sayar da guntun ya ce mini, "Soja, in noma za ka yi, ga naka. In kallo kake so a yi maka, ga wancan." Na sayi farin. Ranar da na shigo da shi Rikoto har gida aka rako ni. Ya cinye harawata, ya cinye dusar maƙwabta, aka ɗaura masa garma ya yi kunya uku ya kwanta. Maƙwabcina ya sayi guntun, ya yi damina takwas yana noma da shi, har ni ya riƙa ara wa. Ban ce babbar makarantar nan farin sa ba ce. Wataƙila tana da kyau ƙwarai. Abin da na ce shi ne, sa ba kuɗin sayensa ba ne kawai, har da abin da zai ci kullum. Gonar gindin dutse, in an sayar, za ta ciyar da babbar makarantar shekara ɗaya. Shekara ta biyu me za a sayar? Kakarki? Ta ce in gaya miki ita ba ta da tsada yanzu, haƙora sun zube.

Na bar mafi nauyi a ƙarshe. Ban taɓa ba ki wannan labari ba, ban kuma taɓa ba kowa ba sai babanki, ranar Asabar ɗin nan.

Kin san gwaggonki Saratu a matsayin mai sayar da hatsi. Kin ga yadda take sayo dawa da masara daga Ribah da Dirin Daji, ta kalli buhu ta faɗi mudunsa, ta gama lissafi a ka kafin mai kalkuleta ya gama dannawa. Abin da ba ki sani ba shi ne, ita ce ta fara samun makarantar koyon kasuwanci a gidan nan, ta kwana, tun kafin a haife ki. Ita ce ta ɗaya a ajinsu. Shugabar makarantar ta aiko a kira ni. Na goge kakina, na goge takalmi har yana ɗaukar ido, na tafi. Ta ba ni kujera ta ce, "Kofur, yarinyarka tana da kai. Akwai taimakon da muke ba yaran da iyayensu ba su da hali. Layi biyu kawai za ka rubuta ka sa hannu, sauran aikina ne." Ta turo mini takarda da biro.

Rahila, a lokacin na iya rubutu. Shekarata uku da gama ajin Malam Umaru. Wannan ce rana ta farko da rubutun nan zai yi wa ɗiyata amfani. Na kalli takardar, na kalli kakina, na tura mata abarta na ce, "Madam, ni soja ne. Ba na roƙo. Zan biya."

Zango na farko na biya. Na biyu na sayar da keke da rediyo. Na uku babu abin sayarwa. Saratu ta dawo da akwatinta a ka, ta ajiye shi a ɗakin uwarta, washegari ta ɗauki faranti ta tafi kasuwa. Ba ta yi kuka a gabana ba. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Taimakon nan wata yarinya aka ba, wadda ubanta ya iya rubuta layi biyu. Ni kuwa na tsira da rawanina. Girman kai rawanin tsiya, in ji masu magana, ni na naɗa shi na ga yadda yake.

Shekara talatin da wani abu ba ta tayar da zancen ba. Sai makon jiya, da ta ji maganar sayar da gona. Ta shigo da rana tsaka, da ƙurar hatsi a zanenta, ta gaishe ni ta zauna a bakin ƙofa. Ta ce, "Baba, na ji Ishaya ya ce ba zai rubuta ba." Na ce haka ne. Ta ce, "Baba, sau ɗaya ya isa." Ta tashi ta koma rumfarta.

Kada ki ga laifin babanki. Malamin firamare ne, albashinsa kin san shi, kuma yana son ki fiye da ransa, shi ya sa yake son ya ba ki mafi girma. Da ya zo daga Ribah ranar Asabar na zaunar da shi ƙarƙashin mangwaro. Ya ce, "Baba, mu 'yan Zuru ne. Yaya zan rubuta wa mutanen wata ƙasa cewa ba ni da shi? Gara in sayar da rigata." Na ji muryata ce ke fita daga bakinsa, har yadda yake ɗaga haɓa. Na ce, "Ishaya, wa ya koya maka wannan magana?" Ya ce, "Kai." Na ce, "To malaminka ya yi kuskure, ya zo gyara." Na ba shi labarin Madam da takardarta, don yana ƙarami lokacin, shi ya ɗauka yayarsa ce ta gaji da boko. Na ce masa gonar nan gida uku take ciyarwa, nawa da nasa da na Saratu, kuma kakana ne ya kwashe duwatsunta da hannu ya jera su. Na ce masa mutanen nan ba sadaka suke rabawa ba. Sun ware kuɗi don su samo yara masu kai daga ko'ina, sun ga Rahila, suna tambaya nawa za su cika. Wanda aka tambaya ya faɗi gaskiya ba maroƙi ba ne. Ya tashi ya shige ɗaki.

Ban jira shi ba. Ni ne babban gida, gonar kuma tawa ce. Na sayi takarda mai layi, na zauna, na rubuta. Sau huɗu ina yagawa, ba don baƙaƙen sun gagare ni ba, hannuna ne ke ƙin tafiya. Tana cikin ambulan nan tare da hoton takardar fanshona. Ki juya ta zuwa Turanci, ki tura musu da ta hannuna a haɗe. Kada ki yi mata kwalliya, kada ki rage mata komai. Ga abin da ta ce:

"Ni Bawa, tsohon soja, manomi, kakan Rahila. Abin da muke da shi fanshona ne, da albashin ubanta, da gona ɗaya da muke ci daga cikinta. Za mu iya haɗa kuɗin jirgi. Kuɗin ɗaki da abinci na kowace shekara ba za mu iya ba. Yarinyar tana da kai kuma ba ta tsoron aiki. Ina roƙonku ku sake dubawa."

Ba za mu iya ba. Na rubuta shi, amarya, na sa hannu, sama ba ta faɗo ba. Na tashi na sha ruwa na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Da safe, kafin babanki ya hau babur ya koma Ribah, ya ga takardar a kan tebur. Ya karanta a tsaye. Ya ce, "Baba, ka manta wasali ɗaya a nan." Ya zaro jan bironsa na malamai ya gyara. Bai mayar da biron aljihu ba. Ya sa hannu ƙarƙashin nawa, ya ce takardar albashinsa za ta biyo baya. Za ki ga jan rubutun, ki bar shi yadda yake.

Yanzu magana ta dawo hannunki, don ke za ki zauna a ajin, ba ni ba. Ni shawarata ƙaramar makarantar. Ki tura takardar yau, kada ki jira ƙarshen wata. Raina ya ba ni za su amsa da alheri, don mutanen da suka ce a rubuto musu ba su faɗa don wasa ba. In ma suka cika rabi suka bar rabi, za mu zauna mu uku, ni da babanki da gwaggonki, mu san yadda za a yi, da gaskiya a kan tebur. In kuma suka ce a'a gaba ɗaya, ba a rufe duniya ba. Wadda ta samu biyu bana za ta samu huɗu baɗi, ta kuma san tambayoyin da za ta yi tun farko. Abin da ba zan yarda da shi ba ɗaya ne: ki tafi da kuɗin shekara guda, ki dawo da akwati a ka. Na ga wannan sau ɗaya.

In kin isa, kada ki ji kunyar aikin laburare, ko shara suka ba ki. Jikar mai golmo ce ke. Ki riƙe ƙashin bayanmu, ki bar mana taurin kanmu a nan, muna da shi da yawa. Kada ki gwada kanki da yaran da iyayensu ke aiko musu da mota. Ki nemi coci, ki nemi abokai na kirki ko wane addini suke, ki tuna Musulmi ne ya juya wa kakanki allo daidai. Duk abin da suka koya miki na kasuwanci, ki riƙa tambayar kanki yadda zai yi aiki a rumfar Saratu. Ta ce in gaya miki tana ajiye miki wuri kusa da ita, amma sai kin ci jarrabawar mudu.

Allah ya kai ki lafiya, ya tsare ki a hanya ta ƙasa da ta sama. Ya tsare ki daga sanyi, da mugun aboki, da kunyar da ba ta da amfani. Ya buɗe miki kai, ya ba ki farin jini wurin malamanki, ya dawo mana da ke muna raye. Ki gaishe da kawunki da iyalinsa.

Ni ne kakanki kuma angonki,
Bawa

Na manta abu ɗaya. In wani ɗan can ya ce yana son ki, ki gaya masa al'adarmu tun da wuri: shekara bakwai, da garma, a gonar gindin dutse. Tana nan tana jiransa.